Neman shawara: igiyar kilo 100 ta tsinke da ragon kilo 30

Tela Misfala:
Assalamu alaikum iyayena da yayyena da ƙannena na wannan zaure. Wani abu ne ya ɗaure min kai, ga lokaci ya matse ni.

Juma'ar da ta wuce aka yi sunan ɗan ƙanena. Rago Sawakini muka yanka, ba wani ƙato ba, mahaucin da ya zo ya ce da fatarsa da kayan cikinsa bai wuce kilo 30 ba. A istirahar da muka kama, wato gidan biki na haya, babu wurin rataya, sai na sayo igiyar roba sabuwa fil a wani shagon kayan gini, a jikin ledarta an rubuta kilo 100. Na ɗaura baki ɗaya a ƙarfen taga, ɗayan a sandar rumfar mota, tsakaninsu mita 4. Mu biyu muka ja ta har ta miƙe sambal. Aka sa ƙugiya a tsakiya aka rataye ragon. Mahauci ya fara fiɗa, bai kai kafaɗa ba sai ji muka yi ɗas! Rago a ƙasa cikin turɓaya, bakin igiyar kuma ya tsarge wani yaro a kunne. Allah ne ya taƙaita.

To ga shi ni ma maiɗakina ta sauka lafiya, an samu namiji, suna ranar Asabar, raguna biyu, kuma a wuri ɗayan ne. Ha'intata aka yi a igiyar nan in koma wa mai shago? Ko in sayi mai kilo 200? Ko in ninka ta biyu in ƙara ɗame ta sosai? Don ni a lissafina, kilo 30 a kan igiya mai baki biyu, kowane ɓangare kilo 15 ya ɗauka. Ina 15, ina 100?

Hajiya Mai Waina:
Wa alaikumus salam. Barka da arziki Alhaji, Allah ya raya mana, ya ba mai jego lafiya. Yaron da igiya ta doka fa, da sauƙi?

Tela Misfala:
Amin Hajiya, na gode. Da sauƙi, kumburi ne kawai, har ya saɓe.

Direban Ɗa'if:
Allah ya raya. Malam Tela kada ka wahalar da kanka da lissafi, jabun kaya ne. Yanzu abin da suka ga dama shi suke rubutawa a leda. Ka kai masa guntun igiyar ya gani da idonsa, ya ba ka riyal ɗinka. Rabin 30 dai 15 ne ko a Sin.

Malamin Lissafi Madina:
Allah ya raya, ya sa mahaddacin Alƙur'ani ne. Kafin a je a yi rigima da bawan Allah mai shago, Malam Tela ka amsa min tambaya biyu. Da aka rataye ragon, tsakiyar igiyar ta sauko ƙasa kamar nawa daga inda take? Sannan a daidai ina ta tsinke?

Tela Misfala:
Allah gafarta Malam, awo dai sana'ata ce, idona ba ya yi min ƙarya sosai. Ta yi ciki kamar kamu ɗaya, a ce rabin mita. Ta tsinke ne a bakin ƙullin da ke jikin taga.

Malamin Lissafi Madina:
Madalla. To ku saurara, don ba a nan gizo ke saƙar ba.

Mu fara da mai sauƙin. Ka ɗaura igiya a wani ƙarfe a sama ta sauko tsaye, ka rataye rago a bakinta. Ragon ba ya sauka, ba ya hawa. Ƙasa tana jansa da nauyinsa, kuma ba ta daina jan ba don ya tsaya cik. Tunda bai faɗo ba, dole akwai abin da ke jansa sama da ƙarfi daidai wa daida da nauyin nan, ba ƙari ba ragi. Wannan abin shi ne igiyar. Da janta ya gaza kilo 30 da ragon ya sauka, da ya fi 30 da ya tashi sama. Wannan ita ce doka ta farko cikin dokokin motsi uku da Niyuton, mutumin Ingila, ya fitar a littafinsa na 1687: abin da ke tsaye zai ci gaba da tsayuwa matuƙar ƙarfafan da ke kansa sun kashe juna. Saboda haka a igiyar da ta sauko tsaye, jan da ke cikinta shi ne nauyin kayan.

In ka sa igiya biyu, dukkansu a tsaye gefe da gefe, nan lissafinku ya fita: 15 da 15.

Amma taka igiyar ba a tsaye take ba, a kwance take. Igiya kuwa ba ta iya ja sai ta inda ta miƙa. Daga ƙugiya zuwa taga tafiyar mita 2 ce, amma hawan da igiyar ta yi a duk wannan tafiya rabin mita ne kacal. Kenan a cikin kowane kilo 4 da take ja, kusan kilo 1 ne kawai ke ɗaga ragon sama. Sauran gefe ya nufa, wajen taga. Ɗaya ɓangaren ma haka, shi kuma wajen rumfa yake ja. Jan gefen nan guda biyu juna suke kashewa, ba su tallafa wa ragon da komai, amma duk da haka a jikin igiyar suke.

Har yanzu ragon yana buƙatar kilo 15 na ɗagawa daga kowane ɓangare. Kafin igiyar da kwata ɗin janta ne kawai ke kallon sama ta ba da 15, sai ta ja 15 sau 4. In an yi lissafin daki-daki, kilo 62 ne. Wannan kafin mahauci ya taɓa shi kenan.

Ka ga yadda abin ke tafiya a tazarar nan taka ta mita 4 da ragon kilo 30. In ka bar ta ta yi cikin mita 1, jan kilo 34 ne. Rabin mita, 62. Santimita 20, ya haura 150. Santimita 10, 300. In ka ce sai ta miƙe babu ciki ko kaɗan da kaya a tsakiyarta, babu igiyar da za ta iya, ko sarƙar jirgin ruwa ce. Ku ɗaga kai ku dubi wayoyin lantarki a hanyar Hijira tsakanin Makka da Madina, duk da cikinsu aka bar su, ba kasala ce ta hana a ɗame su ba.

Direban Ɗa'if:
Malam, da girmanka, wannan bai shige ni ba. Rago kilo 30 ne. 62 da 62 ya zama 124. Ina aka samo sauran 94? Aljanu ne suka hau igiyar?

Malamin Lissafi Madina:
Alhaji Direba, ba a haɗa su haka, don ba wuri ɗaya suka fuskanta ba. Ka taɓa ɗaukar kular abinci ku biyu, kowa ya riƙe hannu ɗaya? In kuna kusa da juna hannayenku sun sauka tsaye, da sauƙi. Ku ja da baya ku yi nesa da juna har hannayenku su buɗe, yanzu za ka ji kafaɗarka na neman gocewa. Kular ba ta ƙara nauyi ba. Kai da abokinka ne kuka koma jan juna, kuna kashe ƙarfinku a tsakaninku, ɗan abin da ya rage ne ke riƙe da ita. Taga da sandar rumfa haka suka yi ta jan juna ta cikin igiyar Malam Tela.

Ɗan Kiren Jidda:
Allah ya raya jariri. Abin da Malam ya faɗa shi ne abincinmu kullum a tashar jiragen ruwa, sai dai mu ba da alli muka koya ba. Duk mai ɗaura kaya a kiren, wato injin ɗaga kaya, abin da ake fara cusa masa a ka kenan. In majanyu biyu, wato ɗamarun da muke ɗaga kaya da su, suka riƙe kaya, muna duba kusurwar da suka yi da saman kayan. A digiri 60 kowanne yana ɗauke da kashi 58 cikin 100 na nauyin. A digiri 45, kashi 71. A digiri 30 kowanne shi kaɗai yana ɗauke da nauyin gaba ɗaya, kamar babu ɗan'uwansa. Ƙasa da 30 ba ma ɗagawa, mai kula da tsaro zai tsayar da aikin nan take. Taka igiyar, Yaya Tela, a yadda ka kwatanta, digiri 14 take.

Sai in ƙara abu uku da Malam bai kai gare su ba.

Lambar da ke jikin leda iri biyu ce. Akwai nauyin da igiya ke tsinkewa a kansa lokacin gwaji, tana sabuwa, babu ƙulli, ana janta a hankali da inji. Akwai kuma nauyin da aka yarda ka yi aiki da shi. A wajenmu na biyun yawanci kashi ɗaya cikin biyar ne na na farkon, in kuma mutum za a ɗaga, ɗaya cikin goma. Masu igiyar kasuwa sun fi son rubuta babbar lambar don ta fi sayuwa. In 100 ɗin nan ta tsinkewa ce, to igiyar kilo 20 ka saya ba ka sani ba, kuma mai shago bai yi maka ƙarya ba.

Sai ƙulli. Duk inda igiya ta tanƙwaru sosai, zaren da ke bayan lanƙwasar ne ke shan wahala, na ciki suna hutawa. Ƙulli yana cinye kashi ɗaya cikin uku har zuwa rabin ƙarfin igiya. Ga ƙarfen taga mai kaifin gefe. Shi ya sa da ka ce a bakin ƙulli ta tsinke ban yi mamaki ba. Ɗari ta koma sittin da 'yan kai ko ƙasa da haka, Malam kuma ya ce 62 ke kanta. Tun kafin a sa wuƙa a bakin gaɓa take.

Na ukun shi ne hannun mahauci. Mai fiɗa yana kama fata ya finciko ƙasa, wani lokaci har da nauyin jikinsa. A ce kilo 20 ya ƙara. A igiyar tsaye 20 ɗin ce za ta ƙaru. A taka kuwa duk abin da ya hau tsakiya sai an ninka shi biyu da ɗoriya, 50 ta zama sama da 100. Fincika kuma ba kamar ja a hankali ba ce, a wannan ƙiftawar idon jan yana tsalle sama da haka.

Batun rana ma kada a manta. Igiyar roba in ta daɗe a ƙofar shago ranar Makka tana dukanta, ko a leda take ta fara mutuwa. Ka murza ta da yatsa, in ka ga gari-gari yana fita ko launinta ya koɗe, ka bar musu kayansu.

Tela Misfala:
Ikon Allah. To ɗan'uwa, in na sayo wayar ƙarfe fa, irin wadda ba ta miƙewa, na ɗame ta da kyau? Ai ita ba za ta tsinke ba.

Ɗan Kiren Jidda:
Yaya don Allah kada ka yi. Wannan ya fi na farko haɗari. Miƙewar da igiyar robar ta yi ita ta rufa maka asiri har ta kai lokacin fiɗa, don da ta miƙe ta yi ciki, jan ya sauko. Waya ba za ta ba da ciki ba, a ce santimita 10 ko 20. Koma ka duba lambobin Malam: 150 zuwa 300. Wayar za ta jure, amma duk wannan jan a jikin ƙarfen taga da sandar rumfa zai sauka, kuma ta gefe. Ƙarfen taga 'yan ƙusoshi ne ke riƙe da shi a bulo. Sandar rumfa an yi ta ne don ta ɗauki nauyi daga sama, ba don a ja wuyanta gefe ba. Maimakon igiya ta doki yaro a kunne, taga ce za ta taso.

Ninka igiya biyu ma kusan haka ne. Kowace za ta samu sauƙi, amma tagar ba ta samu ba, ƙari ma za ta samu, tunda ninkakkiyar igiya ba ta miƙewa kamar tilo.

Baba Sarkin Fawa:
Assalamu alaikum. Jikana ne yake karanto min, ni kuma ina faɗa yana rubutawa. Tela, Allah ya raya maka. Ku teloli kun saba da zare, komai sai kun ja shi ya miƙe.

Tun ina yaro a gaban mahaifina ban taɓa ganin an rataye dabba a kwantacciyar igiya ba. Wannan shanya ce, ta tufafi da kilishi. Dabba daga sama ake sauko mata da igiya, ko reshen bishiya mai kauri kusa da gindinsa, ko ƙarfen da aka gitta, ko a haɗa sanduna uku a ɗaure kawunansu a buɗe ƙafafunsu. Lissafin malaman nan ban san shi ba, amma na ji sun zo inda muke.

Ka je wurin masu walda su ba ka aron bututun ƙarfe uku masu kauri, kowanne ya kai mita biyu da rabi. Ka ɗaure kawunan tamau. Ƙafafun kada ka buɗe su da yawa, kuma ka zagaye su da igiya ta ƙasa ko ka tona musu 'yan ramuka, don in ƙasa tayil ce santsi za su yi su baje. Rago ɗaya za ka rataya, a gama da shi, a sauke, a ɗora na biyu. Yara kuma a kore su daga wurin, fiɗa ba kallo ba ce.

In kuma kana son hutu, ka kai su mayankar baladiyya, wato ta hukumar gari, da sassafe. Likita zai duba maka naman, a ba ka abinka a leda, babu jini a gidan mutane. Ni yanzu abin da nake gaya wa 'ya'yana kenan.

Tela Misfala:
Allah ya ƙara girma Baba, na gode ƙwarai. Tsofaffinmu ne suka fi son a yanka a gabansu, amma zan tuntuɓe su.

Ɗalibi Zahran:
Barka Kawu, Allah ya raya ƙanenmu. Ina karatun injiniya a Jami'ar Sarki Fahad, in manya sun ba ni dama in sa baki.

Maganar Baba ta kada a buɗe ƙafafun da yawa, lissafin Malam ne aka juya shi. Can igiya ce ake ja, nan ƙarfe ne ake dannawa, amma duk kwanciyar da ƙafa ta ƙara, tura ta gefe ƙaruwa take yi.

Kuma akwai wani wurin da mutane ke ruɗewa. In an jefa igiya ta saman ƙarfe ko ta kan bakara, 'yar tayar nan da igiya ke bi, aka jawo ragon sama, sannan aka ɗaure ɗaya bakin a ƙasa, to abin da ke saman ba kilo 30 yake ɗauke da shi ba. Ragon na jan bakinsa da 30. Bakin da aka ɗaure a ƙasa shi ma dole ya ja da 30, in ba haka ba ragon ya zame. Igiya biyu kenan ke jan ƙarfen ƙasa, kusan kilo 60. Ita igiyar 30 ce a cikinta, ƙarfen ne ya sha ninki. Don haka in an ɗaga ragon, gara a maƙala shi a ƙugiyar da ke rataye kai tsaye daga sama, a saki igiyar ja.

Baba Direba kuma, gani ya kori ji. Babu gidan Bahaushe a ƙasar nan ta Saudiyya da za a rasa ɗan sikelin hannu na auna jakar alhazai, wanda ake lallaɓa kilo 23 da shi. A samo galan na ruwa mai lita 5, nauyinsa kilo 5 ne da 'yan kai. A fara rataya shi a sikelin kai tsaye a ga lambar. Sannan a maƙala sikelin a ƙarfe, a ɗaura igiya a ƙugiyarsa, a kai ɗaya bakin nesa mita 4, a rataye galan ɗin a tsakiya. Sikelin zai nuna jan da ke cikin igiyar. A riƙa ɗame ta kaɗan-kaɗan ana kallon lambar. A lissafi, cikin mita 1 zai ba da 5.6, rabin mita 10.3, santimita 20 kuma 25. Kada a wuce nan, yawancin sikelan nan a 50 suke tsayawa, kuma kada a sa fuska kusa.

Sikelin ma asalinsa ja yake aunawa, ba kaya ba. Irin na da mai sifirin yana aiki ne da abin da Robert Hooke ya wallafa a 1678, cewa miƙewar sifirin tana tafiya daidai da ƙarfin da aka ja shi. Mu a aji da niyuton muke auna ƙarfi, ragon kilo 30 duniya na jansa da niyuton 294, wato 30 sau 9.8. An rubuta kilo a fuskar sikelin ne don sauƙin ciniki.

Direban Ɗa'if:
To yaro, ka ba ni aiki. Ina da sikelin a mota. Amma amsa min wannan tukuna, tunda kai ɗan jami'a ne. In na maƙala sikeli biyu, ɗaya a ƙarƙashin ɗaya, na rataye jakar kilo 20 a na ƙasan, goma-goma za su nuna?

Ɗalibi Zahran:
A'a Baba, ashirin-ashirin. Na ƙasan yana riƙe da jakar duka. Na saman yana riƙe da na ƙasan da jakarsa, har ma zai ɗara da nauyin ɗan sikelin. Ba a raba nauyi tsakanin abubuwan da ke jere ɗaya bisa ɗaya, kowanne sai ya ɗauke shi cif. Shi ya sa in ka haɗa sarƙa mai ƙarfi da ƙugiya mai rauni, ƙarfin ƙugiyar kawai gare ka. Rabo sai in gefe da gefe suke, kuma a tsaye.

Ɗan bambancin nan na sikelin sama ba abin rainawa ba ne in abin da ke rataye shi kansa mai nauyi ne. Doguwar sarƙa, zoben can sama shi ke ɗauke da duk na ƙasa da shi, na ƙarshen kuwa ba ya ɗauke da komai. Haka rigar Ka'aba, tsayinta mita 14, siliki ne na ɗaruruwan kilo, nauyinta duk a maɗaurin sama yake taruwa, zobban da ke ƙasa kama ta suke yi ta zauna a jikin ɗakin.

Hajiya Mai Waina:
Ni fa duk kun tayar min da hankali. Igiyar shanyata a saman bene, mai gidan har sanda yake sawa yana murɗa ta don ta miƙe, kuma a bututun tankin ruwa ya ɗaure baki ɗaya. Ranar da na shanya bargo biyu jiƙaƙƙu na ga bututun ya ɗan karkato, na ɗauka tsufa ne. Sannan jikokina sun dame ni sai an ɗaura musu lilo a falo, akwai wata ƙugiya a silin da aka cire fitila. Ƙaramin bai fi kilo 15 ba, babbar ta kai 25. Ya halatta ko a'a?

Ɗan Kiren Jidda:
Hajiya, shanyar a kwance ta daga bututun yau ɗin nan. Bututun ruwa ba wurin ɗauri ba ne, ranar da ya ɓalle ruwan tanki gaba ɗaya a kan maƙwabta zai sauka. A kafa mata ƙarfe nata a jikin kankare, a bar ta da ciki. In cikin ya sa kaya na taɓa ƙasa, a tokare tsakiyarta da sanda mai baki biyu yadda iyayenmu mata ke yi a gida. Sandar ta raba tazarar gida biyu, ta kuma karɓi nauyin ta kai shi ƙasa kai tsaye. Bargo kuma a shanya shi kusa da maɗauri ko kusa da sandar, ba a tsakiyar fili ba.

Lilo kuwa a'a. Ƙugiyar fitila ta fitila ce. In silin ɗin na jibis ne, kwalliya ce kawai aka rataye a ƙarƙashin kankare, ba a ɗora masa ko jaka.

Malamin Lissafi Madina:
Ƙari a kan haka Hajiya, duk lissafin da muka yi tun ɗazu na abin da ke tsaye cik ne. Lilo motsi yake. Lokacin da yaro ya zo wucewa ta ƙasa da gudu, igiya tana ɗauke da nauyinsa, tana kuma karkato da shi ya bi da'ira, jan ya fi nauyinsa. In ya taso daga digiri 60, a ƙasan jan ninki biyu ne. In igiyar ta kai ga kwanciya kafin ya dawo, ninki uku. Jikarki mai kilo 25 ta zama 50 ko 75, kuma kin san ba ɗaya-ɗaya za su hau ba in kin juya baya. Ga girgiza da ke sassauta ƙusa a hankali. In dole sai lilo, a sayi mai ƙafafunsa a ajiye a ƙasa.

Direban Ɗa'if:
Jama'a na gwada a garejin gidanmu bayan la'asar. Galan shi kaɗai 5.1. Da na bar igiyar da ciki sosai ya nuna 6. Na ɗame, 11. Na ƙara ɗamewa na ga 23, sai ƙusar da na maƙala sikelin ta fara lanƙwasa, na ce a'a. Ruwan nan dai ko ɗigo ban ƙara masa ba. Mai shago ya ci bulus, Malam Tela ka bar bawan Allah ya sha iska.

Tela Misfala:
Allah ya saka wa kowa da alheri. Mun yi magana da tsofaffi, sun yarda a kai ɗaya mayanka, ɗaya a yanka a gabansu. Mai walda na unguwarmu ya ce zai ba ni bututu uku, amma nasa mita 2 ne, ba biyu da rabi da Baba ya ce ba. Za su yi? Kuma wace igiya zan saukar daga saman?

Baba Sarkin Fawa:
Mita 2 ya yi gajere. In ka buɗe ƙafafun, ga ɗaurin kai ya ci nasa, ga ƙugiya, wuyan ragon zai riƙa jan ƙasa, mahauci kuma a durƙushe zai yi aiki. Ka ce ya nemo maka dogaye, ko ya haɗa musu ƙari ya yi walda.

Ɗan Kiren Jidda:
Igiya kuma ka bar ta, Yaya. Ka sayi guntuwar sarƙa rabin mita da ƙugiyar mahauta. A jikin sarƙar ko takardarta ka nemi inda aka rubuta nauyin aiki, ba na tsinkewa ba, kilo 200 ya wadatar har da fincikar mai fiɗa. Ranar Juma'a da yamma ka kafa abin, kai da kanka ka kama ƙugiyar ka ɗage ƙafafunka kaɗan daga ƙasa. In ya ɗauke ka bai motsa ba, zai ɗauki ragon. Ƙarfe nawa ne walimar, kuma wace istirahar ce? Ka turo min ta waya, in na tashi aiki da wuri zan biyo ta hanyar Makka in duba ɗaurin.